Gaiwa a Ƙarƙashin Gona: Al'ajaban Kifayen Ruwan Damina

Ruwan ƙasarmu baƙo ne. Ya sauka wajen watan Yuni, ya cika gulbi ya malala fadama a Agusta da Satumba, kafin hunturu ya gama wucewa ya tattara nasa ya nasa, ya bar yashi da 'yan kududdufai. Duk kifin da zai zauna a irin wannan wuri dole ya san abin da zai yi da rani. Kowanne kuwa da tasa dabarar, wasu har hankali ba ya saurin ɗauka.

A fara da gaiwa. Da zarar ruwa ya fara ja da baya, sai ta haƙa rami a taɓo da bakinta, ta naɗe jiki, wutsiya ta rufe fuska. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama kwanso, ta bar wata 'yar ƙofa daidai baki da take shaƙar iska ta nan. Haka za ta yi wata bakwai ko takwas, ba ci ba sha, mutane na tafiya a kanta, shanu na kiwo a kanta. A ɗakin bincike an ga wadda ta haura shekara 3 a haka, aka zuba ruwa ta farka. Masu cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba, domin tsokarta take narkarwa a hankali tana rayuwa da ita. Dattin da sauran kifaye ke zubarwa cikin ruwa kuwa, ita ba ta da inda za ta zubar, sai ta mai da shi yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, ta tara a jiki har ranar da ruwa ya dawo ta wanke. Huhu gare ta na gaske, kuma babbar gaiwa in aka hana ta leƙowa sama, ruwa ne zai kashe ta. A ƙarni na 19 Turawa sun riƙa ɗaukar ta daga Gambiya cikin curin ƙasa har Ingila, su jiƙa, ta fito da ranta. A 2021 da aka karanta kundin gadon halittarta, an tarar da haruffa kusan biliyan 40, ninkin na ɗan Adam wajen sau 13.

Akwai wanda ya fi gaiwa sauƙin lissafi: shi mutuwa yake yi kawai. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu launi, da ba su kai ɗan yatsa tsawo ba, suna zaune a kududdufan da ke ƙafewa ƙaf duk shekara. Iyaye su binne ƙwai a laka su mutu, ƙwan ya tsai da girmansa ya jira a busasshiyar ƙasa, sai ruwan baɗi ya ƙyanƙyashe shi. Wani irinsu na Mozambik da Zimbabuwe yakan balaga cikin kwana 14 da fitowa, kuma ba a san wata dabba mai ƙashin baya da ta kai shi sauri ba. Masu binciken tsufa a Turai da Amurka suna kiwonsa saboda cikin 'yan watanni yake tsufa ya mutu a gaban idonsu. Muna da danginsa a nan gida. A 1928 aka bayyana wani da aka kamo daga kogin Kiyawa ta wajen Katagum, wanda yanzu ake kira Pronothobranchius kiyawensis. Wanda ya ga kifi a kududdufin da bai haɗu da kowane gulbi ba ya ce daga sama ya faɗo, sau da yawa a ƙarƙashin ƙafarsa ƙwan ya kwana.

Tarwaɗa ita tafiya take yi. Tana da wata tsoka mai rassa a bayan kai da take zuƙar iska da ita, saboda haka in kududdufi ya matse, sai ta jira dare mai laima ta dogara ƙayoyin gefenta ta ja ciki zuwa wani ruwan. Wannan taurin ran ne ya sa ta mamaye tafkunan kiwo na siminti da na roba, har Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon ta. A Okabango ta Botsuwana, in ruwa ya fara sauka wajen Satumba da Oktoba, tarwaɗu kan haɗa runduna su bi gefen ciyawa suna dukan ruwa da wutsiya, su firgita ƙananan kifaye su cinye, tsuntsaye na biye da su a sama suna kalen abin da ya tsira.

Gartsa ma, kamar gaiwa, huhu gare ta. A 2014 masana a Jami'ar McGill ta Kanada suka yi renon 'ya'yanta a kan tudu mai laima wata 8. Ba su mutu ba. Sun ma fi 'yan'uwansu na ruwa iya ɗaga kai da taka ƙasa, har ƙasusuwan kafaɗarsu suka ɗan sauya.

Talibambam kuwa ba ya gudu ba ya ɓuya. Ya haɗiyi ruwa ya kumbura, mai son haɗiye shi ya rasa ta inda zai fara.

Ruwan damina ja ne wur, kifi ba ya ganin gabansa. Yauni ya warware wannan da lantarki. Yana sakin wata 'yar wuta marar ƙarfi daga wutsiyarsa babu tsayawa, duk abin da ya gitta, dutse ne ko ɗan kifi, sai ya ji sauyin a fatarsa. Shi ya sa yake tafiya a miƙe sambal, tuƙin duk yana ga dogon fiffiken bayansa, kuma yana komawa da baya da sauƙin da yake yin gaba. A kan yauni ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya fara gano wannan baiwa a 1951, kuma daga nan aka buɗe wani fanni guda na ilimin dabbobi. Minjirya tata wutar ta yaƙi ce, tana kaiwa bolt 300 zuwa sama, duk masuncin da ya taɓa laluba rami ya same ta ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun zana ta a bangon kaburburansu, kamar yadda suka zana wani irin kurungu da ke iyo a rigingine, ciki sama, wanda cikinsa ya fi bayansa duhu saboda juyin da ya yi. Wannan kurungun yana nan a Neja da Cadi har gobe.

Sai masu gina gida. Bargi kan share ciyawa a ruwa marar zurfi ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin wajen mita 1, ya tsaya gadi. Ɗan'uwansa na jini yana can kogin Amazon, wani ƙaton kifi da ake kira arapaima. Yauni nasa gidan a kan ruwa yake yawo, na ciyawa, da ƙwai manya-manya kusan 1,000. A wajen gaiwa namiji ne ke jinyar ƙwai, yana kaɗa wutsiya don ruwan ramin ya sami iska. Ƙarfasa uwa ce ke ɗaukar ƙwai a baki, ta daina cin abinci har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka firgita su ruga su koma bakin. In kuma ta tsinci kanta a ƙaramin tafki mai cunkoso, sai ta fasa girma ta fara haihuwa tana 'yar ƙarama. Abin lura shi ne duk waɗannan sheƙuna a cikin ciyawar da ambaliya ta shanye ake yin su. In ruwa bai hau fadama ba, ba inda za a yi su.

Nan ne gindin zancen. Kifin gulbi a gulbi yake jiran lokaci, amma a fadama yake haihuwa, a nan yake ƙiba. Kashin shanun da suka yi kiwon rani, ganyen da ya ruɓe, ƙwarin da ruwa ya ci, su ne abincinsa. Kusan duk girman shekara a cikin 'yan watannin nan yake yin sa, da rani ya tsaya cak, har tsayawar takan bar zobe a ɓawonsa, wanda masana ke ƙirgawa su san shekarunsa. A fadamar Neja ta tsakiyar Mali, wajen Mopti, Bozo da Somono sun san cewa tsayin ruwan bana shi ke faɗin yawan kifin da za a kama. A farin 1984 kamun ya faɗi ƙasa da rabin na ƙarshen shekarun 1960. Akwai wani ɗan kifi a can, tineni, mai yawan kitse, da ke tafiya ayari yana bin hasken wata, Bozo su tare shi su tatsi mai.

Kogin Neja a wajen Yawuri sau biyu yake cika. Farin ruwa na damina ne, daga ruwan saman kusa. Baƙin ruwa kuwa sai tsakiyar hunturu yake isowa: ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso a tace.

Ko tsuntsu bai tsira daga kifi ba. A wani dam na Afirka ta Kudu an ɗauki hoton tsage yana tsalle daga ruwa yana cafke tsattsewa tana cikin tashi, aka wallafa a 2014.

Hamada ma ta taɓa zama gidan kifi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin wajen murabba'in kilomita 350,000. A Gobero, cikin yashin Tenere na Nijar, inda aka gano tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da masun kamun kifi na ƙashi. A Dufuna ta jihar Yobe, wani makiyayi na haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. A tsaunukan Ennedi na Cadi har yanzu akwai kifaye a ramukan duwatsu, jikokin waɗanda ruwa ya bari. Mafi ban mamaki shi ne Bodele, busasshen ƙasan tsohon tafkin. Yawancin hazon hunturu da ke sauka a Kano daga can yake tasowa, kuma bincike ya nuna akwai garin ƙashin kifi a cikin ƙurar. Iska kan kwashe ta ta tsallake tekun Atlantika ta zuba a dajin Amazon, ta zama taki.

Duk waɗannan halittu sun ga fari iri-iri sun wuce. Abin da ba su da dabararsa shi ne aikin hannunmu, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Dam na Tiga a kan kogin Kano an gama shi a 1974, na Challawa a 1992. Dukansu sama suke da fadamar Haɗejiya da Nguru. Kano ta sami ruwan sha, Kadawa ta sami shinkafa da tumatir, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ambaliyar da a da take rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye ta tsuke ƙwarai. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa in aka haɗa kifi da shinkafar fadama da itacen girki, ruwan da aka bari ya malala ya fi wanda aka tare don noman rani kawo amfani nesa ba kusa ba. Lissafin yana nan a rubuce, ba a yi aiki da shi yadda ya kamata ba.

Ɓarnar dam ba rage ruwa kaɗai ba ce, har da rikita lokaci. Kogin da ya saba bushewa da rani yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne ya yi wa kacalla daɗi. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani garin ya rasa ko na jiƙa ƙasa, kwalekwale ya kasa wucewa, taru ya rasa wurin ja, jan-baki suka sami masauki suna faɗa wa shinkafa. Wannan kuwa a yankin da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. A kan kogin Sakkwato, dam na Bakolori na 1978 ya yi wa fadamar da ke ƙasansa irin wannan aika-aika, noman fadama da su duk suka ja baya.

Dam na Kainji, da aka datse a 1968, ya nuna wata fuskar. Shekarun farko faliya ta cika tafkin har masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina, daga baya ta ragu. Sai aka koma jan dala mai ƙananan idanu don kama warangi, dalar kuwa ba ta tambayar sunan kowa, har 'ya'yan giwan ruwa da na ƙarfasa take kwasowa. A ƙarshen shekarun 1990 aka haramta ta a tafkin.

Tafkin Cadi ya faɗo daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Mutane da yawa sun ɗauka kifi ya ƙare ke nan. Bai ƙare ba, sauyin masu gida aka yi. Shemani, mai son buɗaɗɗen ruwa da doguwar tafiya zuwa kogin Shari da Logon, wanda a da shi ne ƙashin bayan kasuwa, ya kusa ɓacewa. Tarwaɗa da bargi da ƙarfasa, masu jure ruwan ciyawa marar iska, suka gaje wurin, kuma su ne bandar da motoci suka riƙa ɗauka daga Doron Baga zuwa Anaca da Legas. Masunta ma suka bi ruwa kamar yadda kifi ya bi. Hausawa da Barebari da wasunsu suka yi ta matsawa bayan gaɓar da ke gudu har suka kafa garuruwa irin Darak a cikin ƙasar Kamaru, abin da ya shiga shari'ar iyaka da Kotun Duniya ta yanke a 2002, Najeriya ta miƙa ƙauyuka kusan 30 a ƙarshen 2003. Daga baya rikicin Boko Haram ya zo ya tarwatsa Baga a 2015, aka yi shekaru an hana fataucin kifi a ɓangaren Najeriya da na Diffa.

Kayan aikin ma sun sauya. Gurar Mali, da masunta daga Mali suka shigo da ita, in aka jera ta ɗaruruwa aka datse hanyar ruwa, ita ce dumba. Duk kifin da zai fita fadama ko zai koma tafki sai ya bi ta ciki. A fadamar Logon ta Kamaru kuwa magudanai ake haƙawa daga fadama zuwa kogi, a ɗaura raga a baki, kuma yawansu ya kai dubbai, suna zuƙe ruwan fadamar tun kifi bai gama girma ba. Masunta da yatsa suke auna idon kalli. Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade girman ido, amma mai yatsa ɗaya na nan a kasuwa, har gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro ya shiga ruwa, a nan da Zambiya da wurare da yawa. Ba na ganin laifin magidancin da ke neman na cefane kamar yadda nake ganin na hukumar da ta kafa doka ta juya baya.

Guba kuwa ba ta da uzuri. Kakanni sun san magimfa da ɓawon aduwa, sukan bugar da kifi a ɗan gurbi, ruwa ya wanke. Gamalin 20 maganin ƙwarin koko ne, ana tsiyaya shi a gurbin rani, inda duk iyayen kifin baɗi suka taru, ya kashe babba da yaro, da kwaɗo da ƙwaro, sauran ya bi kifin zuwa tukunya. An sa sinadarin da ke cikinsa a jerin haramtattu na duniya a 2009.

Tsohon tsari ya san darajar gurbin nan. Sarkin ruwa ke rufe shi, shi ke buɗewa, kuma kafin ranar su babu mai jefa ko fatsa. A kan wannan Argungu ta ginu: kogin Matan Fada a rufe yake duk shekara, sai rana ɗaya dubban masunta su faɗa da homa da gora na wajen awa guda. Bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta karrama shi a 2016. Kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne, na 2020 kilo 78, bayan an yi shekara 10 ba a yi bikin ba. A 2006 kuwa hana sun aka yi saboda ruwa ya yi ƙasa. Bade na da nasu a Gogaram, Jukunawa a Nwonyo ta Ibi, mutanen San a Mali na da Sanke. A ƙasar Dogon akwai wani ɗan tafki, Antogo, da ake shiga sau ɗaya a shekara, cikin minti 15 a kwashe shi.

Giwan ruwan da ake ɗaga wa hannu a Argungu, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe nau'in ƙananan kifaye wajen 200 da babu su ko'ina a duniya sai can.

Kamaru ta gwada gyara. Dam na Maga na 1979, da aka yi don noman shinkafa, ya busar da babban yanki na fadamar Waza da Logon, makiyaya da masunta suka watse. A 1994 aka fasa bakin wani rafi da aka toshe, ruwa ya sake hawa kan murabba'in kilomita kusan 200, aka ƙara buɗe wani a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyawar kiwo ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo, ba tare da an zuba ɗan kifi ko ɗaya daga tafkin kiwo ba. Ana iya yin kwatankwacin haka daga Tiga da Challawa, a saki ruwa da yawa lokaci guda a tsakiyar damina, an ma taɓa gwadawa a shekarun 1990, sai dai bai zama ƙa'idar kowace shekara ba. A yanzu kogin Jama'are, wanda ba a datse da babban dam ba, shi ke ɗauke da yawancin ambaliyar da ke isa Gashuwa da kogin Yobe. A kansa ne aka tsara dam na Kafin Zaki tun ƙarshen shekarun 1970, aka fara aka tsaya, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake tayar da maganarsa, mutanen Bauchi na so, masunta da manoman Yobe da Borno na ƙi.